Dashen da Ya Makara Kara Yake Bayarwa

Ba a gama shuka ranar da aka ajiye sungumi. Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Batsari ko Safana ya san haka. Bayan kamar mako guda da ruwan shuka, mai gona zai fita da sassafe ya bi kunya-kunya yana duba abin da ƙasa ta mayar masa. Nan gero ya fito biyar-biyar, shida-shida a rami ɗaya, har yana matse juna. Gaba kaɗan sai ya tarar da wuri wayam. Ko fakara ce ta tone irin, ko kurege, ko gara ta cinye shi tun yana ƙasa, ko kuwa ruwa ya ɗauke tsiron ya ƙone. Ko ma mene ne, gurbi dai ya samu, kuma manomin kirki ba ya wuce shi yana cewa Allah ya kai mu baɗi. In da sauran lokaci, sai ya sake jefa iri. In shuka ta riga ta tasa, sai ya jira ranar da aka kwana ana ruwa, ya ciro daga ramin da ya yi yawa, ya datse kan ganyen, ya dasa, ya take da diddige.

Majalisa ma gona ce, sai dai ita sau ɗaya ake shuka ta a shekara huɗu. Ramuka 360 ne a Majalisar Wakilai, 15 daga ciki na Jihar Katsina. Na Majalisar Dattawa 109, na majalisar dokokin Katsina 34. Kafin shekara huɗun nan su cika, ba makawa sai wani rami ya zama wayam: wani ya rasu, wani ya samu minista ko kwamishina ya ajiye kujerar, wani ya ci gwamna. Zaɓen da ake yi don mayar da wani a wurin shi ake kira zaɓen cike gurbi. Kada a haɗa shi da wanda kotu ke cewa a sake saboda an yi maguɗi ko an hana wasu rumfuna jefa ƙuri'a. Wancan shukar farko ce aka ce ba ta yi ba.

Mutanen Batsari, Safana da Ɗanmusa ba labari aka ba su ba. Ƙananan hukumomin nan uku kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma a watan Afrilun 2007 suka sake tura Dokta Aminu Shu'aibu Safana, likita, ɗan jam'iyyar PDP, wanda ya fara zuwa tun 2003. A karo na biyun shi aka ba shugabancin kwamitin lafiya, ga shi kuma na kusa da shugaban ƙasa na lokacin, Umaru Musa 'Yar'aduwa. In da lissafin manomi ne, wannan shuka ce da ta kama ƙasa, ta samu taki, ana sa ran zangarniya mai nauyi. Sai rikicin kakakin majalisa Patricia Etteh ya taso, kan kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidanta da na mataimakinta da sayen motoci. Zauren ya rabu biyu, masu cewa ta sauka da masu kare ta, Dokta Safana yana cikin masu kare ta. Ranar 17 ga Oktoban 2007, ana tsakiyar hayaniya a zauren, ya yanke jiki ya faɗi. Aka garzaya da shi asibiti a Abuja, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Etteh ta sauka ranar 30 ga watan, aka zaɓi Dimeji Bankole, jaridu suka bi sabon kakaki da kallo. A Runka da Ruma da 'Yantumaki kuwa abin da ya rage shi ne mutum dubu ɗaruruwa da ba su da baki a Abuja, wata huɗu kacal da rantsar da majalisa.

Dokar ƙasa ta san da irin wannan rana. Sashe na 76 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in kujerar Majalisar Tarayya ta zama babu kowa, a cike ta cikin wata ɗaya. Sashe na 116 ya faɗi haka kan majalisun jihohi. Akwai togaciya guda: in gurbin ya auku dab da babban zaɓe, cikin watanni ukun ƙarshe, sai a bar shi. Duk wanda ya rubuta wannan, ko bai taɓa riƙe fartanya ba, tunanin manomi ya yi. Dashe yana da lokacinsa. Ana yin sa ƙasa na da laima, sauran shukar ba ta yi nisan da za ta rufe shi da inuwa ba. In kuma damina ta ja baya, gero ya fara fitar da kai, ba mai hankalin da zai tsaya dasa sabo. Sai dai ya jefa wake a wurin ko ya haƙura.

To amma takarda daban, aiki daban. Hukumar zaɓe ta INEC ba ta motsawa sai shugaban majalisar da abin ya shafa ya rubuto mata cewa kujera kaza babu mai ita, kuma ba kullum ake gaggawar rubuta wasiƙar ba. In ta zo, sai a shiga maganar kuɗi. Dubi abin da ya samu maƙwabtanmu na Jigawa. Isa Dogonyaro, wakilin Babura da Garki, ya rasu a watan Mayun 2024. Ba a cike kujerarsa ba sai ranar 16 ga Agustan 2025. Wata goma sha biyar ke nan, inda doka ta ce wata ɗaya. A Kano, Halilu Ibrahim Kundila na Bagwai da Shanono ya rasu a watan Afrilun 2024, shi ma sai a wannan rana ta Agusta aka zaɓi magajinsa. Haka Chikun da Kajuru a Kaduna suka yi fiye da shekara suna jira. Hukumar ta tara guraben ne ta yi su rana ɗaya a jihohi goma sha biyu, kamar mai gonar da ya ce ba zai yi dashe ba sai ramukan da suka mutu sun taru sun isa a kira gayya.

Wani zai ce, to me aka rasa? Ɗan majalisa ɗaya cikin 360, wanda ma yana nan ɗin ba a cika jin muryarsa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma na san wakilan da zamansu da rashinsu ba su da bambanci. Amma a duba abin da ya wuce Babura da Garki a watannin nan. An gabatar da kasafin kuɗin 2025 a watan Disambar 2024, aka yi ta jan sa a kwamitoci, aka sa masa hannu a ƙarshen Fabrairu. A wannan tsakanin ne kowane wakili yake cusa ayyukan mazaɓarsa, ko ajin makaranta ne, ko rijiyar burtsatse, ko ɗan asibiti. Wanda ba ya nan, ba a ajiye masa kaso. Wanda ya zo a makare zai tarar an raba shugabancin kwamitoci tun shekarar farko, an ƙulla abota, an san wa ke jin maganar wa. Shi ne dashen da ake yi bayan an yi maimai: zai yi yaushi, ya farfaɗo, ya yi ganye kore shar, a ɗauka abin arziki ne, amma na kusa da shi sun riga sun shanye takin sun kuma tare masa rana. Ranar girbi kara za a samu, ba hatsi ba.

Ramin da aka bari kuma ba ya zama haka nan. Ciyawa ce ke cinye shi. A siyasa ciyawar ita ce 'yan tsakiya, masu cewa su ne ke da hanya a Abuja, a kawo takardun neman aiki da ɗan abin mota za su miƙa. Talaka da ba shi da ƙofar da zai buga, dole ya bi su.

A yankin da ke bakin dajin Rugu abin ya wuce maganar rijiya. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum talatin. A watan Afrilun shekarar aka kashe arba'in da bakwai a hare-haren dare ɗaya a ƙauyukan Safana, Ɗanmusa da Dutsinma. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar, har da waɗannan, mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa ya ce mun kwana lafiya. A irin waɗannan ranaku, ɗan majalisa ne kaɗai ke da ikon miƙewa a zaure ya gabatar da ƙudirin gaggawa, ya ambaci sunan ƙauyen a gaban kyamara, ya nemi a kira shugabannin tsaro su yi bayani. Ƙudiri ba ya korar ɓarawon daji, kowa ya sani. Amma garin da aka ambaci sunansa a majalisa da wanda aka binne mutanensa shiru ba ɗaya suke ba wajen kai ɗauki. Mazaɓa irin tamu ba ta da halin yin wata goma sha biyar babu wakili.

Akwai wani abin da 'yan siyasa ke yi wanda manomi zai yi wa dariya. Ƙa'idar dashe ita ce a ciro daga ramin da ya yi yawa. Ba a tumɓuke tsiron da yake shi kaɗai a raminsa a kai wani wuri, don an rufe nan ne an buɗe can. A 2018 haka aka yi a Katsina. Sanata Mustapha Bukar na shiyyar Daura ya rasu ranar 4 ga Afrilu. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 11 ga Agusta, zaɓen da har yanzu ake labarinsa saboda wa da ƙane ne suka kara: Ahmad Babba Kaita a APC, yayansa Kabir Babba Kaita a PDP. Ƙanen ya ci. To, shi Ahmad a lokacin shi ne wakilin Kankia, Ingawa da Kusada a Majalisar Wakilai, saboda haka tafiyarsa Majalisar Dattawa ta bar wani ramin. Aka sake kiran mutane rumfa ranar 17 ga Nuwamba. Wa ya ci? Abubakar Yahaya Kusada, kakakin majalisar dokokin jiha. Sai ita ma majalisar jiha ta wayi gari tana neman sabon kakaki. Rasuwa ɗaya, kujera uku suka motsa, ga babban zaɓe ya zo a watan Fabrairun 2019. Mutumin Kankia ya yi layi a watan Agusta, ya yi a Nuwamba, ya sake yi a Fabrairu da Maris. Doka ba ta hana ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi gaba. Sai dai jam'iyya da take da ɗaruruwan masu ilimi da ke zaune ba kujera, ta ce ba wanda ya dace sai wanda ke kan wata, wannan ba ƙarancin iri ba ne, son kai ne na manya.

Jihar ta ga wasu ma. Mashi da Dutsi sun yi nasu a 2017 bayan rasuwar Sani Bello Mashi. Bakori kuwa sau biyu ajali ya ziyarci kujerarta ta majalisar jiha a zango ɗaya: Abdulrazaƙ Isma'il Tsiga ya rasu a 2020, aka sa zaɓe ƙarshen Oktoba, zanga-zangar EndSARS ta sa aka ɗaga zuwa 5 ga Disamba, Dokta Ibrahim Kurami ya ci, shi ma ya rasu a Madina a watan Oktoban 2022.

Yadda ake yin zaɓen kansa shi ne abin da ya fi damuna. Ranar babban zaɓe kowa yana gonarsa. Gwamna yana fama da tasa kujerar, sanata da tasa, kuɗi da 'yan sanda da 'yan bangar siyasa sun watsu ko'ina a ƙasa. Ranar cike gurbi kuwa rami ɗaya ne, kuma gari duka a kansa yake. Gwamna zai tare a mazaɓar da kwamishinoninsa, a raba wa kowane mai muƙami rumfa a ce kada ya dawo sai da ita, gwamnonin maƙwabta su zo taya murna tun ba a jefa ƙuri'a ba. Ƙauyen da bai taɓa ganin jiniya ba sai ya ga motoci sun fi awakinsa yawa. Su kuwa masu gonar, wato masu ƙuri'a, yawancinsu ba sa fitowa, musamman in zaɓen ya faɗo tsakiyar damina kamar na Agustan 2018 da na 2025. Wa zai bar ciyawa tana cin gonarsa ya je ya yini a layi saboda kujerar da abin da ya rage mata bai kai shekara biyu ba? Da masu fitowa suka yi kaɗan, sai kuɗin sayen ƙuri'a ya yi auki. Taliya da atamfa da 'yar dubu biyu da ba za su isa ko'ina ba a babban zaɓe, a nan sai su juya sakamako.

Shi ya sa mafi yawan lokaci mai riƙe da gidan gwamnati ke ɗauka. A watan Agustan 2025, APC ta ci Babura da Garki a Jigawa, PDP ta ci Ibadan ta Arewa a Oyo, APGA ta ci kujerar sanatan Anambra ta Kudu, NNPP ta ci Bagwai da Shanono a Kano. Kowace a jihar da take mulki a lokacin. Ba doka ba ce, don a Ganye ta Adamawa da Ƙauran Namoda ta Kudu a Zamfara jam'iyyar gwamna ta sha ƙasa. Amma wadda ta kayar da ita ɗin ita ce mai mulki a Abuja, sai mai karatu ya yi nasa lissafin.

Amfani ɗaya da ba zan hana zaɓen cike gurbi ba: a nan hukuma ke gwada sabon abu kafin ta baza shi, yadda ake gwada sabon iri a gefen gona. Shafin intanet da ake ɗora sakamakon rumfuna an fara aiki da shi ne a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020, na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe kuma a na Isoko ta Kudu a Jihar Delta a watan Satumbar 2021.

Saboda tsada da wahala, an daɗe ana cewa a daina zaɓen gaba ɗaya. Farfesa Mahmud Yakubu, lokacin yana shugaban INEC, ya sha kokawa cewa guraben ba sa sallama kafin su zo, ba a yi musu kasafi ba, wani zaɓen kuma yana haifar da wani. Ya nemi a duba hanya mai sauƙi kamar yadda wasu ƙasashe ke yi. Ba sai an je nesa ba. A Nijar, kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rushe majalisa, tare ake zaɓen ɗan majalisa da wanda zai maye gurbinsa. In ya rasu ko ya zama minista, sai na biyun ya hau, ba rumfa ba layi. Daga Faransa suka gaji tsarin. Mu kuma namu ya fi kama da na Ingila, inda ake komawa wurin jama'a. A nan gida wasu na cewa tunda alamar jam'iyya ake dangwalawa, ba hoton mutum ba, a bar jam'iyyar da ta ci ta kawo wani kawai.

Wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba ko kaɗan. In aka ce jam'iyya ta kawo, ma'anarsa gwamna ya kawo, ko wani babba a Abuja da bai san hanyar Wagini ba. Mutumin da ya san ba talaka ne ya ɗora shi ba, ba talaka zai yi wa aiki ba. Ko yanzu da ake zaɓen, fitar da ɗan takara a ɗaki ake gama shi, sau da yawa a ɗauko ɗan mamaci ko ƙanensa a ce a share wa iyali hawaye, kamar kujerar jama'a gadon gida ce. Tsarin Nijar ya fi wannan mutunci nesa ba kusa ba, domin mai ƙuri'a ya ga sunaye biyun tun ranar farko, ya san in babu wane, wane ne. Manomi ma da gangan yake zuba iri fiye da ɗaya a rami. In za a gyara kundin tsarin mulki, wannan ce hanyar da ta cancanci a tattauna. In kuma ba za a gyara ba, to a bi wanda ke akwai.

Akwai ma gurbin da doka ta ambata amma kusan ba a taɓa ganin an buɗe shi ba. Sashe na 68 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ce ta dare ko ta haɗe da wata. A watan Mayun 2025 wakilai uku na Katsina suka fice daga PDP zuwa APC, har da na Batsari, Safana da Ɗanmusa, suka kafa hujja da rikicin cikin jam'iyya. Ba su ne farau ba, kuma kowace jam'iyya ta ci irin wannan riba a lokacinta. Kakakin da zai ce kujera ta zama wayam, yawanci jam'iyyarsa ce aka shigo, to wa zai kori baƙon da ya kawo masa ƙari? Da ana mayar da irin wannan gaban jama'a su ce sun yarda ko ba su yarda ba, da sauya sheƙa ta ragu da kanta.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi a wajenmu: in yau aka ce za a cike gurbi a yammacin Katsina, wa zai jefa ƙuri'ar? Katin zaɓe da rumfa yake tafiya. Mutumin da aka kora daga ƙauyensa, yana rakuɓe a garin Batsari ko Dutsinma ko Katsina, wani ma ya tsallaka Jihar Maraɗi, katinsa na nuna rumfar da yanzu ba kowa a wurin. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023, an kuma yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin a 2025, wasu sun koma gida sun yi noma, alhamdu lillahi. Amma ba kowa ya koma ba. Zaɓen da aka tattara rumfunan ƙauyuka a hedikwatar ƙaramar hukuma, aka bar mai mota ya kwaso wanda ya ga dama, sunansa zaɓe ne kawai.

Don haka kirana ga 'yan majalisarmu na Katsina, na Abuja da na gida, su nemi a sa wa shugabannin majalisa wa'adin kwanaki na rubuta wa INEC da zarar kujera ta zama babu kowa, a kuma ware kuɗin cike gurbi a kasafin kowace shekara, tunda mutuwa ba ta jiran kasafi. Ku kuma 'yan'uwa na Batsari da Safana da Ɗanmusa, wanda ƙaura ta raba da rumfarsa ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma lokacin da aka buɗe rajista, ya nemi a mayar da katinsa inda yake zaune yanzu. Kyauta ake yi.